Shin Wanda Ya Mai Da Ciwon Ɗansa Kiɗa Ya Yi Haƙuri?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya sanya ƴaƴa su zama sanyin ido ga iyaye, Ya kuma sanya su jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata jarrabawa wadda kowane mahaifi yake roƙon Allah Ya tsare shi daga gare ta, ita ce ya ga ɗansa kwance cikin ciwo mai tsanani, ko ta sanadin haɗarin hanya, ko ƙunar wuta, ko faɗowa daga bisa, ko wata cuta mai cin jiki a hankali, alhali shi ba ya da ikon ɗauke masa ko da ƙwayar zarra daga abin da yake ji. Lokotoro ya yi nasa, an sayi magani, an yi addu'a, sa'an nan dare ya raba, mahaifi ya wanzu zaune da hannuwa biyu lafiyayyu waɗanda suka rasa abin yi. Tambayar da muke son mu duba ita ce: idan wannan mahaifi ya ɗauki baƙin cikinsa ya tsara shi, ya mai da shi waƙa, ko rubutu, ko kiɗa, shin ya fita daga haƙuri? Kuma shin ya ci amanar yaron da ke kwance, tun da ya mai da wahalarsa abin da mutane za su saurara su yaba?

Za mu ɗauko misalinmu daga ƙasa mai nisa, daga mutanen da ba addininmu ɗaya da su ba, domin ciwon ɗa bai san iyakar ƙasa ba, kuma sau da yawa mutum ya fi gane al'amari idan ya hango shi a gidan wani.

Labarin wani uba da ɗiyarsa

Leoš Janáček, wanda za mu riƙa rubuta sunansa Yanacek kamar yadda ake furta shi, an haife shi a 1854 a wani ƙauye mai suna Hukvaldy cikin yankin Morabiya. A wancan zamani yankin yana ƙarƙashin sarautar Ostiriya, yau kuwa yana cikin Jamhuriyar Cek, a tsakiyar Turai. Malamin kiɗa ne a birnin Brno, kuma mai tsara kiɗa, wato irin mutanen da ke rubuta sauti a takarda da wasu alamomi bisa layuka biyar, ta yadda wanda bai taɓa jin kiɗan ba zai iya karantawa ya buga shi daidai. Abin aikinsa na yau da kullum shi ne piyano, wani babban akwatin katako mai madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Duk madannin da aka taɓa, wata ƴar guduma ce a ciki ke bugun tsirkiyar ƙarfe, sauti ya fito. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago shi a birnin Florence wajen shekarar 1700.

Allah Ya ba Yanacek da matarsa Zdenka ƴaƴa biyu. Namijin, Vladimir, ya rasu a 1890 yana da shekara 2, sanadin wani zazzaɓi mai fitar da jajayen ƙuraje. Sai ɗiyar ta rage, Olga, wadda aka haifa a 1882, kuma tun tana ƙarama ciwon gaɓoɓi ya raunana mata zuciya. A 1902 ta tafi birnin San Pitasbag na Rasha wajen baffanta, domin ta ƙara sanin harshen Rasha, harshen da ubanta yake matuƙar ƙauna. A can zazzaɓin taifot ya kama ta. Ku tuna cewa maganin da ke kashe ƙwayar taifot bai samu ba sai a 1948, saboda haka abin da ake iya yi wa mai ciwon a lokacin bai wuce jinya da jira ba. Uwarta ta bi ta can ta yi jinyarta, aka maido ta gida, amma jikin bai koma daidai ba. Ta yi watanni tana fama, har Allah Ya ɗauki ranta ranar 26 ga Fabrairu 1903, tana da shekara 20.

Abubuwa uku ne uban ya yi waɗanda suka sa muka zaɓi labarinsa.

Na farko, tun wajen 1897 yana da ɗabi'ar yawo da ƙaramin littafi a aljihu, yana rubuta karin maganar mutane, wato hawa da saukar murya, da alamomin kiɗa. Mu Hausawa wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba, domin harshenmu mai kari ne, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum. To, a kwanakin ƙarshe na ɗiyarsa, Yanacek ya zauna bakin gadonta da wannan littafi, ya rubuta kalmominta na ƙarshe tare da karin da ta faɗe su da shi.

Na biyu, a lokacin yana kan kammala wani babban aiki mai suna Jenůfa, wasan kwaikwayo da ake rerawa, wanda ya shafe shekaru kusan tara yana tsarawa. Olga ta roƙe shi ya buga mata shi, domin ta san ba za ta kai ranar da za a nuna shi ba. Ya zauna ga piyano ya buga mata, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta, daga baya kuma ya sadaukar da aikin ga tunawa da ita. An fara nuna shi a Brno a watan Janairu 1904, kuma nasarar da ya samu a birnin Prag a 1916 ita ta ɗaga sunan Yanacek a duniya, yana da shekara fiye da 60.

Na uku, ya tara wasu gajerun kaɗe-kaɗen piyano guda 10, waɗanda sunansu a Hausance yake nufin tafiya bisa hanyar da ciyawa ta rufe. Wasu ya fara su tun wajen 1900, sauran ya ƙara su a 1908, aka buga su tare a 1911. Shi da kansa ya danganta na ƙarshe-ƙarshensu da dararen zafi da ɗiyar ta yi tana fama a ƙauyensu. Na goma yana magana ne a kan mujiyar da ta ƙi tashi, domin mutanen can ma suna da camfin nan da muka sani, cewa kukanta kusa da ɗakin majinyaci alamar mutuwa ce. Addininmu ya kore wannan camfi, tsuntsu ba ya riƙe da ajalin kowa. Amma tsoron da ke sa mai jinya ya riƙa kasa kunne ga kowane motsi na dare, wannan kam duk wanda ya kwana bakin gadon ɗa ya san shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin mutanensa. Smetana, wani babban mai tsara kiɗa na ƙasar, ya rasa ɗiyarsa mai shekara 4 a 1855, a shekarar kuma ya tsara mata kiɗan da piyano ke ciki. Dvořák ya binne ƴaƴa uku tsakanin 1875 da 1877, a cikin shekarun nan ne kuma ya tsara ɗaya daga manyan ayyukansa na juyayi.

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mu ware wata mas'ala gefe. Hukuncin kayan kiɗa abu ne da malamai suka daɗe suna magana a kai. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da namu na Malikiyya, sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya halatta su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda cikin Ihya'u a kan sauraron waƙa da sharuɗɗansa. Wannan mas'ala tana da wurinta a zauren karatu, kuma kada wani ya ɗauki rubutun nan a matsayin fatawar buga piyano. Yanacek ba Musulmi ba ne, kiɗa sana'arsa ce kamar yadda ƙira take sana'ar maƙeri. Abin da muke dubawa shi ne halin uba da sana'arsa a ranar jarrabawa, kuma wannan ya shafi mai alƙalami, da mai allura, da mai hauya.

Tuhuma ta farko: rashin haƙuri

Wani zai ce, mai haƙuri shiru yake yi; wanda ya fitar da baƙin cikinsa har duniya ta ji, ya kai ƙarar Ubangijinsa wajen bayi. Wannan magana tana da nauyi, amma sai mu koma ga abin da malamai suka ce haƙuri ne. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, da wasunsa, sun taƙaita shi cikin riƙo uku: riƙe zuciya daga fushi da hukuncin Allah, riƙe harshe daga ƙorafi a kan Allah, da riƙe gaɓoɓi daga ayyukan jahiliyya irin su marin fuska da yaga tufafi. Babu ɗaya cikin ukun nan da ya ce kada zuciya ta ji zafi, ko kada ido ya zubar da hawaye, ko kada baki ya ambaci cewa ana cikin baƙin ciki.

Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi juyayin Yusufu shekaru masu yawa har ganinsa ya tafi, kuma shi ne wanda ake buga misali da shi a kyakkyawan haƙuri. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekara ta 10 bayan Hijira ya ɗauki ɗansa Ibrahim, jariri wanda bai cika shekara 2 ba, yana cikin magagin mutuwa, ya sumbace shi, idanunsa suka zubar da hawaye. Da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce, ya kuma furta baƙin cikinsa da bakinsa, ba tare da ya faɗi abin da zai saɓa wa yardar Ubangiji ba.

Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da hargowa, wato baƙin cikin da ya ƙwace linzami ya hau kan mai shi. Abin da muke gani ga mai tsara waƙa ko kiɗa kishiyar haka ne. Wanda zai sa magana cikin ma'auni dole ya ƙirga gaɓoɓinta, ya auna, ya goge, ya sake. Ba ya yiwuwa mutum ya yi wannan yana birgima a ƙasa. Ma'auni linzami ne. Yana tilasta wa mai baƙin ciki ya dubi abin da ya same shi ido da ido, ya ɗauke shi kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da baiti ɗaya ko layi ɗaya zai iya ɗauka. Shi ya sa Musulmi ba su taɓa ɗaukar marsiyya, wato waƙar juyayin mamaci, a matsayin kururuwar da aka hana ba. Abu Zu'aib na ƙabilar Huzail, wanda ya riski jahiliyya ya kuma musulunta, annoba ta ɗauke masa ƴaƴa biyar, ya yi musu marsiyyar da ɗaliban Larabci ke haddacewa har yau. A ƙasarmu ta Hausa, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo marsiyya, kuma babu malamin da ya ce ta rasa haƙuri. Saboda haka tuhuma ta farko ba ta tsaya ba: tsara baƙin ciki, a kan kansa, yana kusa da haƙuri fiye da yadda yake kusa da raki.

Tuhuma ta biyu: cin amanar mai ciwo

Wannan ta fi ta farko wuya, kuma bai kamata mu yi gaggawar wanke kowa daga gare ta ba. Ku sawwara ɗiya tana numfashin ƙarshe, ubanta kuma yana riƙe da fensir yana auna hawa da saukar muryarta. Zuciya tana ƙyamar wannan hoto. Ana iya cewa a wannan sa'a mai sana'a ya rinjayi uba, ɗiya ta zama kayan aiki. Irin wannan tambaya ta hau kan Ibnur Rumi, mawaƙin Bagadaza wanda ya rasu a 896. Ɗansa na tsakiya, Muhammadu, zubar jini ta ƙarar da shi, uban kuwa ya siffanta a waƙa yadda launin jikin yaron ya riƙa canzawa. Wane irin ido ne ke lura da launi a irin wannan lokaci?

Amma akwai wata fuskar. Abin da majinyaci ya fi tsoro, bayan zafin ciwo, shi ne a daina jinsa. Mun sani cewa idan jinya ta yi tsawo, masu shigowa suna magana da lokotoro, suna magana da juna, suna magana a kan mai ciwo kamar ba ya wurin. Mutumin da ya kasa kunne har ya riƙe karin kowace kalma, ko ya kafa ido har ya ga canjin launi, aƙalla bai kau da kai ba. Kowane mutum yana ƙauna ne da abin da Allah Ya hore masa: ungozoma da hannunta, mahaddaci da tilawarsa, wannan bawan kuwa kunnensa ne mafi kaifin abin da ya mallaka, shi ya ba ɗiyarsa. Wanne daga fuskokin nan biyu ne gaskiyar zuciyar Yanacek? Niyya Allah kaɗai Ya san ta, kuma mai yiwuwa ne zuciya ɗaya ta ɗauki duka biyun a lokaci guda, domin ɗan Adam ba a tace yake ba.

Abin da muke iya aunawa shi ne zahiri, kuma a zahirin akwai alamu biyu. Ta ɗaya, ita Olga ce ta nemi a buga mata kiɗan. A wannan ranar sana'ar uban ta yi wa mai ciwo hidima da yardarta. Ta biyu, kaɗe-kaɗen piyanon da ya danganta da jinyarta bai fitar da su ba sai bayan shekaru, kuma babu sunanta a kan ko ɗaya daga cikinsu, babu siffar jikinta, babu abin da zai tona mata asiri. Baƙin cikinsa ya nuna, ita kuwa ya suturta ta.

A nan ne ma'aunin yake, kuma a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Baƙin cikin mahaifi nasa ne, yana da ikon ya faɗe shi. Raunin yaro kuwa na yaron ne, amana ce a hannun iyaye. A yau ba mu da piyano, amma kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto. Mota ta buge yaro, kafin a ɗaga shi an ɗauki hotonsa cikin jini, kafin uwarsa ta ji labari hoton ya zaga WhatsApp da Facebook. Wani lokaci iyaye ne da kansu ke kware mayafi su nuna ƙunar da ke jikin ɗiyarsu. Idan larurar neman taimakon kuɗin magani ce ta sa, to larura tana da hukuncinta, kuma ana auna ta gwargwadonta: a nuna wa wanda zai taimaka, a rufe abin da ya kamata a rufe, a nemi yardar yaron idan ya kai wayo. Amma yaɗawa don a ce wayyo, ko don a ce wane ne ya fara kawo labari, wannan cin naman mai rauni ne. Yaron nan zai warke in Allah Ya so, zai girma, zai nemi aure, hoton kuwa yana nan bai goge ba.

Tuhuma ta uku: gudu daga ɗakin jinya

Akwai mutum na uku a labarin nan wanda duniya ba ta tafa wa ba, ita ce Zdenka, uwar Olga. Ta yi doguwar tafiya zuwa Rasha, ita ta yi wankin majinyaciya da juya ta da kwana a zaune. Ba ta da takarda mai layuka biyar da za ta zuba baƙin cikinta a ciki. Kuma tarihi ya nuna cewa kiɗan da ya ɗaga sunan mijinta bai gyara zamansu ba. Shekaru bayan haka suna gida ɗaya, amma kowa da rayuwarsa.

Wannan darasi ne mai ɗaci. Aikin da mutum yake samun sauƙin zuciya a cikinsa yana iya zama mafaka, yana kuma iya zama maɓoya. Mafaka ita ce inda mutum ke fakewa ya huta, ruwa ya tsagaita, ya fito ya ci gaba da tafiya. Maɓoya kuwa ita ce inda ake shiga don kada a gan ka, a nemi taimakonka. Mun san mazan da idan ɗa ya kwanta sai su ƙara daɗewa a kasuwa, su ce neman kuɗin magani suke, alhali kuɗin ya samu tun azahar, ganin yaron ne ba su iya jurewa. Har ibada ma ana iya mai da ita maɓoya: mutum ya zauna masallaci daga magariba har bayan lisha yana jan tasbaha, matarsa kuwa kwana uku ba ta runtsa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗiyarsa ta aiko masa cewa ɗanta yana gargara, ta kuma nace ya zo, tashi ya yi tare da sahabbansa ya tafi, aka miƙa masa yaron ya riƙe shi. Addu'a daga nesa tana da lada, amma ya koya mana cewa akwai lokacin da ake bukatar ƙafa ta taka, hannu ya ɗauka.

To, ga amsar tambayarmu. Wanda ya tsara baƙin cikinsa bai fita daga haƙuri ba, matuƙar abin da ya tsara bai ƙunshi fushi da hukuncin Allah ba, bai tona asirin mai ciwo ba, kuma yana mai da shi bakin gadon da ƙarfin da ya fi wanda ya fita da shi. Idan aikin ya sa ya dawo ya iya duban raunin ɗansa ba tare da ya kau da fuska ba, ya iya ce wa matarsa ki kwanta ni zan zauna, to aikin ya zama bawan haƙuri. Idan kuwa ya zama ƙofar da yake rufewa tsakaninsa da iyalinsa, to ko duniya duka ta yaba, akwai haƙƙin da ya rage a wuyansa.

Idan yaron ya rayu

Olga ta rasu, amma sau da yawa yaron da ya ji mummunan rauni yana rayuwa, da ƙafa ɗaya, ko da tabon wuta a fuska, ko da ƙwaƙwalwar da ba ta koma yadda take ba. Wannan jarrabawa tana da wani nauyi na dabam. Mutuwa tana da zaman makoki, jama'a su taru, a yi ta'aziyya, a watse. Rauni mai daɗewa ba ya da ranar da ake taruwa dominsa. Makon farko ɗaki ya cika da masu sannu, wata na biyu sai ɗaiɗai, bayan shekara kuwa an manta, alhali uwa tana nan tana ɗaga yaro ɗan shekara 12 zuwa bayan gida kowace safiya. Iyayen suna juyayin yaron da suka sani kafin haɗarin, kuma suna jin kunyar faɗin haka, tun da ga shi da rai a gabansu.

A kan wannan kuma sai shaiɗan ya ɗora nasa kaya: da ban aike shi ba, da na sauke tukunyar, da na rufe rijiyar. Duk uban da ya tura ɗiyarsa wata ƙasa ta dawo da ciwo, kamar yadda ya faru a gidan Yanacek, wannan tambaya tana jiransa da dare. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Idan akwai sakaci, a tuba, a gyara don ƙannensa, a rufe rijiyar, a ɗaga fetur da ashana daga inda yara ke kai hannu. Amma maimaita da-na-sani dare da rana ba ya ƙara wa yaro lafiya, sai dai ya cinye ƙarfin da yake bukata daga iyayensa. Kuma yara suna karanta fuska. Yaron da kullum yake ganin uwarsa cikin hawaye yakan ɗauka shi ne ya yi laifi.

Irin wannan doguwar tafiya ba a yin ta da cije baki kaɗai. Zuciya tana bukatar wurin da za ta sauke kaya ta sake ɗauka. Mafi girman wurin shi ne ganawa da Ubangiji cikin sujada da tilawa, inda bawa yake kai kukansa ga Wanda ba Ya gajiya da saurare. Bayan wannan, Allah Ya sanya sauƙi cikin aikin hannu mai tsari, wanda ake ƙirgawa ana maimaitawa. Uwar da ke saƙar tabarma ko ɗinkin hula a gefen gadon ɗanta, kafintan da ya zauna ya sassaƙa wa ɗansa sandar dogarawa daidai tsayinsa, ya goge ta har ta yi santsi don kada ta ci masa hammata, malamin da ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ke ransa cikin baitoci, kakar da ke rera wa jikanta waƙar reno ƙasa-ƙasa har barci ya ɗauke shi, dukansu suna yin abin da wancan bature ya yi da piyanonsa. Kuma mafi alherinsu shi ne wanda aikinsa ya koma ga yaron kansa.

Abin da ya hau kanmu

Ya ku jama'ar masallaci, ragowar maganar tamu ce. Kada mu yi saurin hukunta mahaifin da muka ga ya koma sana'arsa ɗansa na kwance, ko uwar da muka ji tana rera wani abu a ɗakin jinya, mu ce ba su damu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kuma mu hana mai kuka kukansa da sunan addini, mu ɗora masa abin da Annabawa ba su ɗora wa kansu ba. Kalmar sai haƙuri gaskiya ce, amma tana da sauƙi a bakin wanda zai koma gidansa ya tarar da ƴaƴansa suna wasa. A haɗa ta da aiki: wani ya karɓi kwanan jinya na dare ɗaya, wata ta kai abinci likita, wani ya riƙe wa uban rumfarsa ta kasuwa ko ya nome masa gona, a tara abin da ya sawwaƙa bayan sallar Juma'a ba tare da an kunyata mai bukata ba. A koma gaisuwa a wata na uku da na shida, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Idan an shiga kuma, a gai da yaron da sunansa, a tambaye shi, a saurari amsarsa har ƙarshe.

Muna roƙon Allah, Ubangijin Al'arshi mai girma, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare ƴaƴanmu daga haɗarin hanya da wuta da ruwa, Ya ƙarfafa zukatan iyayen da ke kwana a zaune, Ya sanya wahalarsu ta zama kaffara da ɗaukakar daraja, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.